Hawa Jirgi a Tafkin Volta: Abin da Kawu Ya Fara Koya Mini a Bakin Ruwan Makango

Ina ɗan shekara 13 kawuna ya fara tafiya da ni fatauci, daga Salaga zuwa kasuwar Yeji. Mun isa Makango hantsi bai gama ɗagawa ba, ga wani jirgin katako yana lodi, mutane sai rige-rigen shiga suke yi. Na saɓi ƙunshina zan afka, sai na ji an damƙo wuyan rigata ta baya.

"Ina zuwa?"

Na ce, "Kawu, jirgin zai cika."

Ya ce, "To bari ya cika mu gani."

Muna tsaye aka ɗora babura biyu, aka jera buhunan gawayi, aka cusa tumaki a ƙarƙashin benci, mata da kwandunansu suka hau kan buhunan suka zauna. Gefen jirgin ya yi ta yin ƙasa har abin da ya rage tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannuna ba. Kawu ya juya abinsa, ya nemi inuwa, ya sayo mana koko da ƙosai, muka zauna jiran babban jirgi har bayan azahar. Wancan jirgin kuwa lafiya lau ya sauka Yeji. Da muka isa mun tarar mutanensa sun riga mu zaɓe kifi mai kyau, na yi ta ƙunƙuni a ciki. Kawu ko a jikinsa. Abin da ya ce kawai shi ne, gobe ma in ya ga irin wannan lodi, inuwar zai nema.

Yau fiye da shekara 30 ke nan ina bin ruwan nan na Tafkin Volta a Gana, ina sayen doya da bandar kifi ina kaiwa Kumasi. 'Yan'uwa masu zuwa daga Najeriya da Nijar, wasu ziyara, wasu cigiyar dangin da kakanninsu suka bari a Gwanja, wasu kasuwa, sukan tambaye ni yadda ake tafiya a kansa. Amsar ba ta ƙarewa a tsaye a bakin tasha, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka fara sanin irin ruwan da za ka hau. Da can kogi ne kamar kowane kogi. Gwamnatin Kwame Nkrumah ce ta datse shi a Akosombo, aka fara aikin a 1961 aka gama a 1965, ruwa ya koma baya ya malale ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutum kusan 80,000 aka tasa daga gidajensu aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Tsohon garin Kete Karachi, inda fataken Hausawa suka yi zango bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, yanzu yana ƙarƙashin ruwa. Wanda za ka gani sabo ne. Abin da ya shafe ka kai matafiyi shi ne, ba a sare dajin ba kafin ruwan ya zo. Itatuwan suna nan tsaye a ƙasa har yau, manya-manya, masu tauri kamar ƙarfe. Wasu sun fito da kawunansu kana gani, wasu kuma sun tsaya daidai ƙarƙashin fatar ruwa. Waɗannan na biyun su ne ke fasa jirgi. A watan Afrilun 2006 kututture irin wannan ya halaka jirgin da ya kwaso mutanen da aka kora daga gandun dajin Digya, yana kan hanyar Abotoase, aka yi asarar rayuka. Duk wanda ya daɗe a bakin tafkin yana da labari makamancin wannan a cikinsa.

Sannan kada ka ɗauka tafkin kewayayye ne kamar faranti. Ya fi kama da hannun da aka baza 'yan yatsu: reshe ya bi Baƙin Volta, reshe ya bi Farin Volta, reshe ya bi Oti, wani Afram, wani Sene, wani Pru. Saboda haka yawancin tafiyar da mutane ke yi fito ne, wato ƙetare reshe ɗaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, ka sauka ka ci gaba da mota.

Jirage iri biyu ne. Akwai babban jirgin ƙarfe mai ɗaukar motoci da mutane, wanda kowa a nan ke kira pantun. Na kamfanin sufurin tafkin ne, VLTC, wanda aka kafa a 1970. Akwai kuma jiragen katako na 'yan kasuwa, dogaye, masu inji a baya, galibi Yamaha mai ƙarfin doki 40, wani lokacin biyu a jere. Pantun yana da wuraren fito biyar da ya kamata ka haddace. Yeji zuwa Makango, ga mai zuwa Salaga da Tamale ta tsohuwar hanya. Dambai zuwa Dodoikope a kan Oti, ga mai zuwa Karachi daga gabas. Karachi zuwa Kojokrom, ga mai son fita ta Kwame Danso ya faɗa Atebubu. Adawso zuwa Ekye Amanfrom, ƙofar filayen Afram ga wanda ya biyo ta Nkawkaw ya hau tudun Kwahu. Sai Kpando Torkor zuwa Agordeke, wanda shi ma Donkorkrom yake kai mutum amma ta ɗaya ɓangaren. Duk inda ba waɗannan ba, tsibirai da ƙauyukan masunta da ke tarwatse a gaɓa, jirgin katako ne kawai hanya, kuma ranar kasuwa yake zuwa.

Shawarata a taƙaice: inda akwai pantun, hau pantun, ko da zai ci maka rabin yini. Na san ba kowa zai bi ba. Ni kaina na sha karya wannan doka idan kifi na jirana.

Bari in ɗauki Yeji, don ita na fi sani. Daga Kumasi motar za ta bi da kai Mampong, Ejura, Atebubu, Prang, sannan Yeji, inda kwalta ta ƙare a bakin ruwa. Wannan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi da jakuna suna ɗauko goro zuwa Salaga, daga can kuma a wuce da shi Kano, kuma ita ce babbar hanyar Tamale kafin tafki ya yanke ta a koma bi ta Kintampo da Buipe. Ka yi ƙoƙari ka kwana a Yeji maimakon ka iso da rana tsaka kana haki. Da la'asar ka taka zuwa bakin ruwa ka tambayi lokacin tashin gobe. Kada ka tsaya a bakin mutum ɗaya. Tambayi mai yankan tikiti, ka tambayi direban babbar motar da ke gaba a layi, sannan ka tambayi matar da ke sayar da wake da shinkafa a kusa da matakalar. Ita ce ta fi kowa sani, don da tashin jirgi cinikinta yake tafiya. In ta ce maka ka zo da wuri, ka zo da wuri. Lokaci yana canzawa da yawan motoci, da yanayin ruwa, da lafiyar inji, don haka sa'ar da wani ya gaya maka bara ba ta da amfani bana.

In da motarka ka zo, ka sa ta a layi tun dare, musamman kusa da ranar kasuwa, Litinin, lokacin da manyan motocin doya da na shanu ke cika wurin. Wajen hawa a sauke kowa, direba kaɗai ya shiga da ita, a ja birki a sa mata waigi. Kada ka yarda ka zauna cikin mota a rufe jirgi na tafiya, ko da kwandishan ne ke busa ka. In kuwa a ƙafa kake, ka fi kowa sauƙi: yanki tikitin mutum ɗaya, ka biya na kaya in suna da yawa, ka hau sama inda benci yake. Fiton kan ci kusan awa ɗaya. A Makango motoci na jiran jirgi, kuma da zarar ya sauke mutane suke cika su tashi, saboda haka tun jirgi bai gama jingina ba ka matso kusa da ƙofa da kayanka a hannu. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto zai ƙare a bayan aboboya, keken kaya mai ƙafa uku, yana shan ƙura har Salaga.

Akwai kuma doguwar tafiya, daga Akosombo har Yeji, a jirgin da ake kira Yapei Queen. A shekarun da na riƙa hawansa, sau ɗaya yake tashi a mako, ranar Litinin da yamma, ya tsaya Karachi da wasu ƙauyuka, ya isa Yeji bayan kwana da yini da ɗoriya. Jirgin kaya ne da aka yi wa mutane wuri, yana hawa da akwatunan katako babu komai, ya komo da su maƙil da doya. 'Yan ɗakunan kwanan da ke sama ba su da yawa, sai wanda ya kama tun da wuri. Mu sauran tabarma muke shimfiɗawa. Ban taɓa ganin taurari kamar na daren tsakiyar tafkin nan ba, ba fitila ko ɗaya sai ta wani masunci can nesa. Wanda ke sha'awar wannan tafiya ya fara tuntuɓar ofishin kamfanin a tashar Akosombo ya ji daga bakinsu ko jirgin yana tafiya har yanzu, da ranar tashinsa, kafin ya bar gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma a ruɗe ka da jirgin shaƙatawa mai zuwa tsibirin Dodi a ranakun hutu. Wannan na kiɗa ne da cin kaza, inda ya ɗauke ka nan zai mayar da kai.

Yanzu ga inda maganar take, jirgin katako.

Da safe ake hawansa. Ruwan Volta da asuba kwance yake kamar an shafa masa mai, amma yana da wuya ya kai la'asar a haka. Iska kan taso bayan azahar, kuma a farkon damina, daga Maris zuwa Mayu, hadari yana haɗuwa cikin ɗan lokaci kaɗan. Za ka ga gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta bugo ka, kafin ka gyara zama igiyar ruwa ta fara dukan gefen jirgi. Matuƙin kirki yana ganin haka zai nemi gaɓa mafi kusa ya ɗaure, ko da fasinja na zaginsa. In ka ga hadari tun kana tudu, kada ka shiga, ko an ce maka yanzu-yanzu za a ƙetare. A hunturu kuma, Disamba zuwa Fabrairu, hazo ne matsalar. Gaɓar da matuƙi ya saba dubawa ya daidaita hanya sai ta ɓace, jirgi ya saki layinsa ya shiga cikin itatuwa. Dare kuwa babu ma maganarsa. Jirgin da zai tashi bayan la'asar sakaliya zuwa wuri mai nisa, bar shi ya tafi.

Tsayin ruwan ma yana da lokaci. Yana cika ne wajen Oktoba da Nuwamba, bayan ruwan arewa ya gangaro, har da wanda ake saki daga madatsar Bagre ta Burkina Faso. Daga nan ya yi ta ja da baya har wajen Yuni da Yuli. Mutane sun fi tsoron cikakken ruwa, ni kuwa na fi tsoron janyewarsa. A 2007, shekarar da ruwan tafkin ya janye sosai har aka yi ta rabon wutar lantarki a Gana, na tsaya a bakin ruwan Yeji na ga abin da muke wucewa a kai shekara da shekaru. Daji ne guda, baƙi ƙirin, ba ganye ko ɗaya, kututture bayan kututture har iyakar ganin ido, wasu da tsofaffin tarun masunta a rataye. Inda muke shiga jirgi da ya zama fili, sai an yi tafiya mai nisa cikin taɓo kafin a kai ruwa. Tun daga ranar na daina jin haushin matuƙin da ke tafiya a karkace kamar maciji maimakon ya miƙe. Hanya yake bi, wadda ya haddace a kansa.

Kafin ka biya, yi abin da Kawu ya yi: tsaya ka duba. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Gana tana sa a ja layi da fenti a jikin jiragen haya, iyakar inda ruwa zai kai in an yi lodi, kuma akwai sojojin ruwa a manyan tashoshi irin su Yeji da Dambai da Abotoase masu lura da wannan. In layin ya nutse, magana ta ƙare. In babu layin, auna da idonka. Ni in abin da ya rage bai kai kamu biyu ba, ba na shiga. Leƙa cikin jirgin. Ɗan ruwa a ƙasa ba komai ba ne, kowane jirgin katako yana tsatsa, amma in ka ga yaro na ta kwasar ruwa da bokiti ba hutawa alhali ba a ma tashi ba, to ka san abin da ke jiranku a tsakiya. Dubi inji: biyu sun fi ɗaya, don in ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa ɗayan zai kai ku. Dubi ko akwai filafilai da doguwar gora. Dubi ko akwai yaron da zai zauna a goshin jirgi yana kallon ruwa yana nuna wa matuƙi hanya da hannu. Ka kuma matsa kusa da matuƙin ku gaisa, don hancinka ya gaya maka ko ya karya kumallo da akpeteshi, barasar gargajiya ta nan. Shanu a jirgi ɗaya da mutane kuwa, ni dai a'a. Saniya ɗaya ta firgita ta koma gefe guda, shi ke nan.

Sai dai duk wannan duban bai isa ba, ga dalili. Wata shekara na hau jirgi daga wata tasha zan shiga ƙauyukan masunta sayen kifi. An ƙirga mu a gaban jami'ai, lodi daidai, layi a waje, kowa ya ji daɗi. Muna shan kwana, tashar ta ɓace mana, sai mai jirgin ya karkata zuwa wani lungu inda mutane wajen 20 ke tsaye da buhunan gari da jarkokin man inji. Ashe dama an shirya. Aka kwashe su. Gaba kaɗan ya sake tsayawa. Na ce masa, "Maigida, kayan nan sun yi yawa." Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, shekara nawa ina wannan aiki? Zauna kawai." Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce, "Ɗana, rabu da shi, in kwana ya ƙare ko a gado ne sai an tafi." Na ce, "Gaskiya ne Inna, amma ni a nan zan sauka." Aka yi ta yi mini dariya, har wani na cewa Alhajin birni ya ji tsoro. Na sauka da jakata, kuɗin da na biya ya tafi, na kwana a ƙauyen mutanen da ban taɓa gani ba, Ewe ne, a kan benci a rumfar da suke banda, hayaƙi na korar mini sauro. Da safe matar gidan ta ba ni dokunu da soyayyar karfasa ta ƙi karɓar ko sisi. Kwana biyu na yi kafin wani jirgin ya biyo. Darasin da na ɗauka shi ne in riƙa tambaya tun a tasha: kai tsaye za a tafi ko za a tsattsaya? Kuma in riƙa ware kuɗin da zan iya yafewa, don kada ƙyashin kuɗin jirgi ya zaunar da ni inda bai kamata ba.

In ka shiga, nemi tsakiya, ka zauna ƙasa-ƙasa a kan benci. Kan buhuna akwai iska da daɗin kallo, amma nan ne mutum ke fara faɗawa. Can baya hayaƙin inji da ƙararsa za su sa maka ciwon kai, can gaba kuma feshin ruwa. Rigar kariya in an ba ka, ka sa ka ɗaure igiyoyinta tamau, kada ka mayar da ita matashin zama kamar yadda na ga mutane na yi. In babu, tambaya. Sau da yawa suna nan a cushe cikin buhu a ƙarƙashin benci, ba wanda ya nema. Ni na sayi tawa tuntuni a Tema, tana cikin jakata kamar buta. Wanda bai da ita ya lura da inda jarka marar komai take, mai murfi a rufe, don tana ɗaukar mutum. Babbar riga a cire a ninke; in ta jiƙe nauyinta ya isa ya ja ƙato ƙasa. Takalmi mai igiya a kwance shi. 'Yan'uwa mata masu goyo, ku sauko da yaro daga baya ku riƙe shi a gaba. Kuma in jirgi ya yi tangal-tangal, ko an ga wani abu a ruwa, kada kowa ya miƙe ya ruga gefe ɗaya. Zama a inda kake shi ne taimakon da za ka yi.

Waya da kuɗi da takardu, fasfo ko katin shaida, a ƙulle cikin leda biyu a sa a aljihun ciki. Riƙe canji ƙanana na sidi, kuɗin Gana. A Yeji da Dambai za ka iya biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, amma a ƙauyukan ruwa sabis sai an hau tudu, mai jirgi kuma takarda yake so ya gani. Kuɗin mutum sananne ne, ba a cika ciniki a kansa ba. Dubi abin da na kusa da kai ya miƙa ka miƙa irinsa. Kuɗin kaya ne ake ja-in-ja, kuma a gama shi kafin a ɗora, don bayan an ɗora bakinka ya mutu. Idan man injin jirgi da suke kira firimis ya yi wuya, kuɗin jirgi kan tashi, jiragen ma su ragu, sai ka ƙara wa tafiyarka kwana ɗaya a lissafi.

Guzuri: ruwan leda, burodi, ƙuli-ƙuli, dabino, abin da ba ya lalacewa. Hula mai faɗi ko laima, don yawancin jiragen ba rumfa, kuma ranar kan ruwa biyu ce, ta sama da wadda ruwan ke maido maka. Kada ka cika ciki da shayi kafin tashi. Jirgin katako ba shi da makewayi, tafiyar awa huɗu kuma ba wasa ba ce, mata sun fi shan wannan wahala. Ka yi alwala tun a tudu. A pantun akwai inda za ka shimfiɗa darduma a gefe, alƙibla tana gabas ta ɗan karkata arewa. A jirgin katako kuwa kada ka ce sai ka miƙe. Ka tambayi malaminka hukuncin sallar zaune da ta matafiyi tun kafin ka baro gida.

Wajen sauka akwai abin da baƙi ba su sani ba. A wurare da yawa jirgi ba ya kaiwa busasshiyar ƙasa, sai an taka ruwa. Ruwan gefen nan mai ciyayi, wanda ba ya gudu, shi ne gidan tsargiya, don ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da ita a nan suke zama. Ba sai ka sha ba, ta fata take shiga. In akwai katakon da aka gitta, bi ta kansa. In akwai samarin da ke goya mutane zuwa tudu, ajiye girman kai ka ba su 'yan sulalla su goya ka. Na ga alhazai masu tumbi a bayan yara, ba wanda ya mutu don kunya. In dole ka taka, ka fita da sauri ka goge ƙafa ta bushe. Wanka a gefen tafki kuwa bar wa 'ya'yan masunta. In bayan wasu makonni ka ga jini a fitsari, ka je asibiti ka gaya musu inda ka je, maganinta sananne ne.

Harshe ba zai ba ka wuya sosai ba. Masu jirgi da masunta galibi Ewe ne da Ada da Fante, manoman doya Konkomba, masu gari a Yeji Chumburu, a ƙetare Gwanjawa, ga Tonanci, wato Twi, yana yawo a tsakani. Amma a kasuwa da tasha Hausa tana ci. Hausarmu ta Gana ce dai, wadda za ka ji an ce "mace ya zo", Accra kuma mu Ankara muke ce mata, kada ka zaci Turkiyya ake nufi. Kada ka yi dariya, kai ma taka baƙuwa ce a kunnensu. Ka yi gaisuwa kafin tambaya, ka nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum ko jirginsa. A bakin ruwa za ka ga yara ƙanana a kwale-kwalen kamun kifi suna nutso suna kwance tarun da ya sarƙe a kututture. Wasu 'ya'yan gidan ne, wasu an kawo su ne daga nesa, abin da hukuma da ƙungiyoyi suka daɗe suna yaƙi da shi. Ni ban taɓa sabawa da ganinsa ba.

In dare ya yi maka a Yeji, ko Karachi, ko Dambai, akwai ƙananan masaukai na kuɗi, ka duba gidan sauro kafin ka biya. In aljihu ya yi sanyi, ko ka fi son mutane, tambayi hanyar zango. Ka yi sallar magariba a masallacin, bayan an sallame ka gaida liman ka ce kai baƙo ne daga wuri kaza, jirgin safe kake jira. Za a tambaye ka mutanen gida, wataƙila a tambaye ka ko ka san wane a Kano ko a Dosso wanda rabonsu da shi shekara 40, sannan a kai ka wurin sarkin zango ko a nuna maka zaure. Kafin ka kwanta ka roƙi ladan ya tashe ka in ya zo kiran assalatu, ka kuma haɗa kayanka tun daren. Daga zangon Yeji zuwa bakin ruwa 'yar tafiya ce, kuma mai koko tana riga kowa fitowa.